Raddi ga Masu Cewa Wariyar Launin Fata Ba Ta Shafi Ƙasar Bade Ba

Wani ra'ayi ya samu karɓuwa a wurin wasu 'yan boko da ɗaliban ilimi na Katuzu da Gashuwa da Nguru, wanda ke cewa wariyar launin fata cuta ce ta Turai da Amurka da ba ta da gurbi a ƙasar da kowa baƙar fata ne, kuma abin da ake kira gatan farar fata ƙage ne da aka ƙirƙira domin ɗora wa wasu laifin gazawar wasu. Masu wannan ra'ayi sun dogara da hujjoji huɗu, kuma tun da mutanen kirki ne ke kawo su, ya wajaba a auna kowace ɗaya da ma'aunin ilimi.

Hujjarsu ta farko ita ce wariya ƙiyayya ce da ke cikin zuciya, saboda haka inda babu mai ƙin wani don launinsa, babu wariya. Wannan ma'ana ta yi ƙunci, domin ta kama niyya ta saki tsari, wato dokoki da al'adun da ke raba wa mutane dama ko da mai zartar da su ba ya ƙin kowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata, wadda Nijeriya ta shiga a 1967, ta lissafa launi da asali da ƙabila, ta kuma yi hukunci da sakamakon aiki kamar yadda ta yi da manufarsa. Dokar birane ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta wajabta barin fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa, aka ce kariya ce daga zazzaɓin cizon sauro, alhali kuku da boyi suna kwana a bayan gidan Baturen. Babu kalmar ƙiyayya a cikin dokar, amma ta ware wa launi ɗaya fili da ruwa da asibiti.

Hujja ta biyu ita ce mutanen wannan yanki launinsu ɗaya, don haka zancen bai shafe su ba. Tarihi ya ƙaryata wannan ta fuska biyu. Wajen shekarar 1391 Mai Usman ɗan Idris na Barno ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama talakawansa Musulmi 'yantattu suna sayarwa, kuma a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta Mi'irajus Su'ud domin rushe da'awar cewa baƙin fata dalili ne na bauta, inda ya ambaci Barno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Da shubuhar ba ta yaɗu ba, da malami irinsa bai ɓata tawada a kanta ba. Fuska ta biyu ta fi ɗaci, domin ta cikin gida ce: Badawa sun daɗe suna shan hare-haren neman bayi daga maƙwabtansu masu launi irin nasu, kuma ganuwar Gogaram da Lawan Babuje ya gina a ƙarni na 19 shaida ce ta wannan tsoro. An soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936, amma binciken asali da ake yi kafin ba da aure, da gorin da ake yi wa wasu gidaje da sana'ar kakanninsu, da dariyar da ke sa yaron Katuzu ya ji kunyar yin Badanci a kasuwar Gashuwa, duk rassa ne na saiwa ɗaya, wato auna darajar mutum da abin da bai zaɓar wa kansa ba. Laifi tudu ne, mutum kan take nasa ya hango na wani.

Hujja ta uku ita ce akwai Turawa matalauta, akwai kuma baƙar fata attajirai irin marigayi Alhassan Ɗantata, saboda haka babu gata. Kuskuren a nan shi ne ɗaukar gata a matsayin dukiya, alhali abin nufi shi ne rashin wani shinge da ake gitta wa wani, kuma ba a gane shi sai an kwatanta mutum biyu da suka yi daidai a komai in ban da launi. Haka Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka yi a binciken da suka wallafa a 2004, inda suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 a biranen Boston da Chicago, sai masu sunayen da aka san fararen fata da su suka samu kira fiye da sauran da kashi 50 cikin 100. Nguru ma ta ga irin wannan bayan jirgin ƙasa ya iso ta a 1930, lokacin da cinikin gyaɗa da ƙaro da fatu ya bunƙasa: kamfanonin Turawa ke yanke farashi, bankunan zamanin sun fi sakin bashi ga Turawa da Kwara, wato 'yan Labanan da Siriya, shi kuwa ɗan ƙasa yakan tsaya a matsayin dillali ko ɗan awo. Ficen da Ɗantata ya yi shaida ce ta ƙwazonsa, amma tsirar mutum ɗaya ba ta goge shingen da ya tare dubbai.

Hujja ta huɗu ita ce Musulunci ya haramta fifiko da launi, don haka babu wariya a cikin Musulmi. Rabin farko gaskiya ne tsantsa, domin Suratul Hujurat da Huɗubar Bankwana sun mayar da fifiko ga taƙawa kaɗai. Sai dai haramcin abu ba ya nufin gushewarsa, in ba haka ba da riba da giba sun ƙare tuntuni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Abu Zarri da ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, ya kuma danganta wannan hali da jahiliyya, wanda ke nuna cewa cutar na iya saura har a zuciyar mutumin kirki.

Akwai inda adalci ya tilasta a ba masu wannan ra'ayi gaskiyarsu: ba daidai ba ne a kwaso muhawarar Amurka ɗungurungum a dasa a bakin kogin Yobe, ko a tuhumi kowane Bature da laifin kakanninsa, ko a ce baƙar fata ba ya iya yin wariya. Amma wannan gyara ne ga yadda ake zancen, ba rushe shi ba. Mai gata ba mai laifi ba ne, mai alhaki ne, kuma alhakin yana kan malamai da hakimai da iyaye, su daina tambayar asalin mai neman aure bayan sun yarda da addininsa da halinsa, su kuma riƙe sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Al'ummar da ta musanta cewa tana da shinge ba za ta taɓa ɗaga hannu ta rushe shi ba.