Salsalar Mota Ita Ce Darajarta

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee da ke jihar Florida ta Amurka, kamfanin gwanjo na Mecum ya sayar da wata tsohuwar Ford Mustang ƙirar 1968 a kan dala miliyan 3.74. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin jikinta, kuma ire-irenta da suka fi ta kyan gani ba sa kai ko kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. Abin da ya ɗaga ta shi ne hujjar cewa ita ce jarumi Steve McQueen ya tuƙa a titunan San Francisco cikin fim ɗin Bullitt.

Hujjar kuwa a rubuce take. Wani iyali ya saye ta a 1974 a kan dala 6,000, bayan ganin tallarta a mujallar Road & Track. A 1977 McQueen ya aiko da wasiƙa yana neman a sayar masa, aka ƙi, aka kuma adana wasiƙar. Lambar shasinta ta dace da bayanan masana'antar Ford, ƙarafan da aka liƙa mata don ɗaura kyamara suna nan inda suke. Saboda haka nake ganin duk mai sayen tsohuwar mota ta tarihi salsalarta yake saya: wa ya fara mallakarta, hannun wa ta koma, a wace shekara.

Batun nisan tafiya ya fi haka sarƙaƙiya. Mitar yawancin motocin wancan zamani gurbin lamba biyar gare ta. Da zarar ta wuce 99,999 sai ta koma sifili. Motar da ke nuna mil 30,000 tana iya kasancewa ta yi 130,000 ba tare da kowa ya yi algus ba. Ga kuma masu mayar da mitar baya da gangan, abin da ya sa Amurka ta haramta shi da dokar tarayya tun 1972, ta kuma ƙara tsaurara dokar a 1986 domin a riƙa rubuta nisan a takardar mallaka idan mota za ta sauya hannu. Lambar da ke kan mita da'awa ce kawai. Shaidunta su ne rasit ɗin juyen mai, takardar binciken lafiyar mota, da lissafin bakanike, kowanne da kwanan wata da nisan da aka karanta ran nan. Idan lambobin suna hawa daki-daki shekara bayan shekara, magana ta tabbata. Idan ta 1985 ta fi ta 1990 yawa, ramin ƙarya ya ƙure.

Akwai masu cewa wannan duk shagalin attajirai ne, mota don hawa aka ƙera ta, kuma ɗokin ƙarancin tafiya ya sa ana kulle motoci a gareji har robobinsu su bushe. Suna da gaskiya a nan, domin mota mai yawan tafiya da cikakken tarihin gyara ta fi wadda mitarta ke nuna kaɗan babu shaida. Sai dai wannan ma takardar yake ƙarfafawa. Kamfanonin kansu sun gane haka: Ferrari na da sashen Classiche mai tantance tsofaffin motocinsa da kundin masana'anta, kafin ya ba su shaidar asali.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Legas ne saboda an san ko ta wace ce. Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna kuma suna nan jefi-jefi a gidajen iyayenmu, yawanci takardunsu sun bi shara tun kafin injinsu ya gaji. Wanda ya gaji irin wannan mota ya nemo rasit ɗin sayenta da tsofaffin takardun rajista, ya ɗauki hoton lambar shasi da ta inji, ya zauna da dattijon da ya tuƙa ta ya rubuta abin da ya tuna. Fitila da kujera ana samunsu a kasuwar kayan gyara. Rasit ɗin 1979 kuwa, in ya ɓata, duk wanda zai saye ta nan gaba cinikin biri a sama zai yi.