Raddi Ga Mai Cewa Kwamfutar Gem Sai Mai 4K Da Babban Batir

Wani ɗan'uwa da nake girmamawa, wanda ya daɗe yana harkar kwamfuta, ya rubuta shawara ga matasan da ke neman kwamfutar tafi-da-gidanka ta buga gem. Shawararsa ta tsaya a kan ƙafa biyu: a sayi mai allon 4K domin hoto ya fita tar, a kuma nemi batir mafi girma domin a ci gaba da wasa idan an ɗauke wuta. Niyyarsa kyakkyawa ce, ban yi shakka ba. Amma yaran da za su bi wannan magana sun tara kuɗin ne da gumin goshi, wasu ma kuɗin iyayensu ne, don haka bai kamata a yi shiru ba.

Ya ce yawan ɗigon allo shi ne kyan hoto, kuma wanda ya sayi 1080 a yau ya sayi tsohon yayi. To, Malam, mu yi lissafi. Allon 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Na 2560 da 1440 yana da 3,686,400. Na 4K kuwa, wato 3840 da 2160, ɗigo 8,294,400 ke cikinsa, ninki huɗu cif na farkon. Kowane ɗigo daga cikin waɗannan, katin hoto ne zai zana shi, kuma ba sau ɗaya ba, sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. Kaya ya ninka huɗu, jakin kuwa shi ne dai na jiya. Katin RTX 4060 na tafi-da-gidanka, wanda Nvidia ta fitar a 2023 kuma yake cikin kwamfutoci da dama da aljihun matasanmu ke iya kaiwa, rumbun hotonsa gigabait 8 ne. Ka ɗora masa Cyberpunk 2077 a 4K ka ga yadda hoto zai riƙa sarƙewa. Dole mai ita ya rage yawan ɗigon wasan ya koma 1080, a kan allon da ya biya kuɗin 4K.

Sannan akwai maganar ido, wadda marubucin ya tsallake. Allon da muke magana inci 15.6 ne, ba talabijin ɗin falo ba. A wannan faɗin, 1080 yana ba da ɗigo kusan 141 a kowane inci, 1440 kusan 188, 4K kuma kusan 282. Na taɓa ajiye biyu gefe da gefe a teburin wani shago, mai 1440 da mai 4K, wasan ƙwallo ɗaya a kansu. Sai da na sunkuya hancina ya kusa taɓa gilashin kafin na ga bambanci a ciyawar filin da rubutun rigar 'yan wasa. Da na koma na zauna yadda mutum ke zama, bambancin ya ɓace. Abin da bai ɓace ba shi ne santsin motsi: mai 1440 allonta na sabunta hoto sau 165 a daƙiƙa, ɗayar kuwa sau 60, kuma ko yaron shagon da ke tsaye a bayana ya gane wadda ƙwallo ke gudu sumul a kanta. Wanda ke buga Counter-Strike 2 ko Valorant ya san wannan a yatsunsa. Har yanzu ma ƙididdigar da dandalin wasanni na Steam ke fitarwa duk wata take nuna 1080 ne allon da 'yan wasa suka fi amfani da shi.

Marubucin zai ce ai akwai DLSS na Nvidia da FSR na AMD, waɗanda ke sa 4K ya yi sauƙi. Gaskiya ne akwai su, kuma suna aiki. Amma me suke yi? Suna zana wasan da ƙarancin ɗigo ne, sannan su buɗa shi ya cika allon. Hujjarsa ta dawo ta zama tawa: ita kanta fasahar ta yarda cewa zana ɗigo miliyan takwas ya yi wa katin nauyi.

Ƙafarsa ta biyu ita ta fi damuna, domin ta taɓa inda ke mana ciwo. Ya ce a ƙasar da wuta ba ta tsayawa, babban batir shi ne gatan ɗan wasa. Na fahimci abin da ya sa ya faɗa. Amma batir yana da iyakar da kamfani ba ya son ƙetarawa. Ƙa'idar sufurin jiragen sama ta yarda fasinja ya shiga da batir ɗin litiyam da bai wuce wat-awa 100 ba, ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgin ya amince. Wannan ne dalilin da za ka ga manyan kwamfutocin gem duk sun tsaya a 99.9 ko ƙasa. Yanzu ɗaga cajar irin wannan kwamfuta ka karanta bayanta: wat 230, wat 280, wasu har 330. Tana da nauyi kamar bulo domin abin da injin ke sha ke nan idan ya buɗe wuta. Injin da ke jan wat 200 zai shanye wat-awa 99.9 cikin rabin awa. Babu dabarar da za ta sauya wannan rabawa.

Masu ƙera su sun sani, shi ya sa da zarar an zare caja, kwamfutar ke rage wa katin hoto wuta da kanta. Nvidia ma tana da tsarin BatteryBoost da ke taƙaita yawan hotuna a daƙiƙa domin batir ya ɗan jima. Na ga wannan da idona a ɗakin wani ƙanena: ana tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, fanka ta yi laushi, allo ya dushe, motar da ke sheƙa gudu ta koma tana tsalle-tsalle. Batir ɗinsa cike yake, amma ba a yi shi don wannan aikin ba. To ina ga an haɗa masa da allon 4K, wanda shi kansa ya fi cin wuta? Shawarwarin nan biyu kishiyoyin juna ne, ɗaya na zuba ruwa a tulu ɗaya na fasa gindinsa.

Ga kuma zafi. Batir ɗin litiyam ba ya shiri da zafi, kuma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ma'auni na haura digiri 40 tun kafin a kunna komai. Zuƙe batir da ƙarfi a irin wannan yanayi, kullum, hanya ce ta tsufar da shi da wuri, wani lokaci har ya kumbura ya ɗaga madannai. ASUS da Lenovo sun sa tsarin tsayar da caji kafin ya cika domin tsawaita ransa. Wanda ke wasa a jone da wuta ya kunna shi.

Ba zan hana marubucin haƙƙinsa ba. Babban batir yana da amfani sosai, amma ga ɗalibin da zai kai kwamfutar aji, ya yi rubutu da bincike na awanni, katin hoto na barci. A nan wat-awa 90 ya fi 50 nesa ba kusa ba, kuma a duba wat-awa ne, ba lambar mAh ba, domin ita ba ta da ma'ana sai an san ƙarfin bolt. Haka 4K yana da masu shi: mai tace bidiyo, mai zanen gine-gine.

Abin da marubucin bai ambata ko sau ɗaya ba shi ne wat nawa aka ba katin hoton. RTX 4060 ɗin nan, wani kamfani na ba shi wat 35 kacal a siririyar kwamfuta, wani kuma 115, suna ɗaya, aiki kuwa sama da ƙasa. Da ƙanena zai sake saye, allon 1440 mai saurin 165 zan nuna masa, ko 1080 mai 144 idan kuɗi sun gaza, in sa mai shago ya nuna mana wat ɗin katin a rubuce. Rarar da ta saura daga barin 4K kuma mu kai ta wurin mai inbata da sola.