A bar yarinyar nan ta karanci kunnen tsofaffi

Ran kasuwar Tasawa na gamu da wani dattijo, abokin mahaifina. Muka gaisa, na tambaye shi labarin ɗiyarsa da ke karatun likita a Yamai. Sai ya ɓata rai. Ya ce: "Ɗana, yarinyar nan ta gama, amma ta ce da saura. Wai za ta ƙara shekaru tana binciken abin da ke kashe kunnen tsofaffi. Ashe tsufa ma ciwo ne?" Na ce: "Baba, a bar ta." Sai da na faɗa sau uku kafin ya ji ni.

Ƴan uwa masu karatu, a kan wannan magana nake har yau. Ga dalilina.

Mu fara da kunnen kansa. Ƙara tana shiga ta bugi dodon kunne. Ƙananan ƙasusuwa 3 su kai motsin can ciki, zuwa wani wuri mai kama da katantanwa, wanda girmansa bai fi ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai ruwa, da ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15.000. Su ne ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife mu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Masu jin siririyar ƙara su ne ke fara mutuwa. Shi ya sa tsoho ke jin ganga daga nesa, amma maganar jikarsa ta gagare shi. Yana jin murya, kalmomin ne ba ya rarrabewa. Mu kuma sai mu ce: "Tsohon nan abin da ya ga dama yake ji." Muna ɗaukar alhakinsa.

To, ga abin mamaki, ku masu kiwo. A shekarar 1988 masana a Amurka suka nuna cewa idan ƙara mai ƙarfi ta kashe waɗannan ƙwayoyi a kunnen kaza, sababbi suna fitowa. Kazar da ke tsakar gidanka tana da abin da kai ba ka da shi. Tun lokacin ake neman sanin yadda take yi, ko a samu hanyar da kunnen ɗan Adam zai yi haka. Yau shekara fiye da 35 ke nan, kuma maganin bai shigo asibiti ba. Irin wannan aiki ne yarinyar ke so ta shiga. Kamar dashen dabino yake, wanda ya dasa ba lalle ne ya sha ba.

Kuma ba aikin likita shi kaɗai ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana bukatar masanin ƙara, da masanin ƙwaƙwalwa, da masanin gadon jini, da mai lissafi, da mai ƙera na'ura. Mutumin da ya fi kowa bayyana yadda katantanwar kunne ke aiki ma ba likita ba ne. Sunansa Jorj fon Bekeshi, ɗan ƙasar Hungari. Ma'aikacin gidan waya ne, aikinsa gyara muryar tarho. Ya ga ba zai iya gyara tarho ba sai ya san kunnen da ke sauraro. Ya yi ta buɗe kunnuwan mutanen da suka rasu da na dabbobi, har da na giwa. A 1961 aka ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Wani zai ce: to, ai Turawa suna yi, mu jira su gama. A nan ne ban yarda ba.

A 1962 wani likitan Amurka, Samiyel Rozen, ya ba da labarin mutanen Maban, waɗanda ƙasarsu take cikin Sudan ta Kudu a yanzu. Ba injin, ba mota, ba bindiga a garuruwansu. Ya auna, ya tarar tsofaffinsu sun fi sa'o'insu na biranen Amurka ji nesa ba kusa ba. An yi gardama a kan aikin, domin wuya ne a tabbatar da shekarun mutumin da ba shi da takardar haihuwa. Amma ya buɗe ido: abin da muke ɗora wa tsufa, wani kashinsa rayuwar da mutum ya yi ce ta jawo shi.

To, wace rayuwa muke yi a nan? Yaro ya wuni a ɗakin injin niƙa, ba komai a kunnensa. Maƙeri ya shekara 40 yana dukan ƙarfe. A wurin biki a ajiye mata da ƴaƴa dab da lasifika. Hawan jini da ciwon suga suna yawaita, su ma suna tafiya tare da raunin ji. Akwai allurai masu ƙarfi, irin su jantamisin, da ke iya kashe kunne idan aka yi su ba bisa umarnin likita ba. Ga kuma sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, 1 yakan rage da wata illa, kuma kurumta tana cikin illolin. Annobar 1995 ta kwantar da dubban mutane a ƙasar nan, ta 2015 ma haka. Yaran 1995 yanzu magidanta ne. Yaya kunnensu zai kasance idan sun kai shekara 60? Ba wanda zai taso daga Faransa ya zauna shekara 30 yana bin su. Sai ɗan ƙasa.

Akwai ma abin da baƙo ba zai iya ba ko ya so. Wani awon kunne da kalmomi ake yin sa: a faɗa wa mutum kalma, ya maimaita. Idan kalmomin na Faransanci ne, me aka auna a wurin tsohuwar da Hausa ko Zabarmanci kaɗai take ji? Dole mai bincike ya zauna da masanin harshe su zaɓi kalmomin da suka dace. Haka na'urar ƙara ji. Wadda aka ƙera don ƙasar sanyi, a kawo ta cikin ƙurar hunturu da zafin bazara, inda batir ke da tsada kuma mai gyara yana Yamai, kwana nawa za ta yi?

Kada kuma a ce ciwon ƙarami ne don ba ya zubar da jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin waɗanda suka wuce shekara 60, fiye da kashi 25 cikin 100 suna da raunin ji mai hana su harkokinsu. Ku dubi tsohon da kunnensa ya tafi. Ya daina zuwa fada. A taron rabon gona ya ce "to" ga abin da bai ji ba. Huɗuba ta wuce shi. Mai babur ya yi ta busa a bayansa. Sannu a hankali ya koma zaure shi kaɗai. A 2011 wani bincike na jami'ar Jons Hofkins ta Amurka ya nuna cewa masu raunin ji sun fi saurin kamuwa da ruɗewar tsufa. Dattijon da ya san iyakar kowace gona a gari, ga shi zaune ba mai tambayarsa.

Amma abokin mahaifina ba shi da laifi. Ya sayar da bisashe ya yi wa ɗiyarsa karatu. Hanyar doguwa ce: bayan jarrabawar bak, shekara 7 ko 8 na likitanci, sannan 4 ko 5 na ƙwarewa a kan kunne da hanci da maƙogwaro, sannan bincike da rubutu. Kafin a kira mutum farfesa sai hukumar CAMES ta duba aikinsa, wadda shugabannin Afirka suka kafa a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. A duk tsawon nan, abokan karatunta da suka buɗe asibitin kansu sun gina gidaje. Kuma ga zazzaɓin cizon sauro, ga mata masu naƙuda suna jiran likita. Wannan gaskiya ce.

Sai dai mai bincike ba ya barin marasa lafiya. Da safe yana asibiti, da yamma yana aji. Malami ɗaya a jami'ar Abdu Mumuni, ko ta Maraɗi, ko ta Damagaram, zai koyar da ɗaruruwan matasa yadda ake duba kunne, su watsu cikin ƙauyuka. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 78 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da ko likitan kunne 1 ga mutum miliyan 1. Idan ba mai koyarwa, daga ina za su fito?

Tsoro ɗaya ne na yarda da shi: ta tafi ƙarin karatu waje, ta ƙi dawowa. Hakan na faruwa, kuma laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Wanda ya dawo ya tarar ba ɗakin awo, ba kayan aiki, ba albashin kirki, zai sake ɗaura kaya. Wannan kuka ne da ya kamata iyaye su kai wa hukuma, maimakon su hana ɗiyarsu.

Kafin mu rabu da dattijon, na ja shi gefe inda ba hayaniya. Na tsaya gabansa yadda zai ga bakina, na yi magana sannu, ban ɗaga murya ba. Nan take ya ji. Ya yi shiru, sannan ya ce idan yarinyar ta zo hutun damina, zai ce ta fara da nasa kunnen.