A Fito da Su Daga Ɗaki

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana a kan 'yan'uwanmu da haɗarin mota ko na babur ya taɓa musu laka, aka sallamo su daga asibiti, muka shimfiɗa musu tabarma a ƙuryar ɗaki, muka ce sai haƙuri.

A shekarar 1959 wata malamar makaranta 'yar Ingila, Margaret Maughan, ta yi haɗarin mota a ƙasar da yanzu ake kira Malawi, ƙafafunta suka shanye. Aka kai ta asibitin Stoke Mandeville, wajen Dakta Ludwig Guttmann, likitan da ya mayar da wasa wani ɓangare na magani. Kwari da baka aka miƙa mata. Dabara ce babba, domin jan baka yana ƙarfafa kafaɗa da baya, yana kuma koya wa mutum zama daram a kan keke. Shekara na zagayowa, a 1960, ta ci zinare a gasar masu buƙata ta musamman a birnin Rum. A 2012, tana tsohuwa, ita ta kunna wutar gasar a Landan.

Ba zinaren ne ya fi taɓa zuciyata ba. An tashe ta daga gado, ta koma cikin mutane, wannan shi ne.

Ina roƙon hukumomin wasanni na jihohinmu su riƙa leƙa ɗakunan gashi na asibitoci, su nemo waɗannan bayin Allah tun kafin gyambon kwanciya ya ci su.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Zariya