Mota ta faɗi gwajin hayaƙi? Goge fitila ba gyara ba ne

A Ingila, motar da ta kai shekara 3 sai ta je gwajin MOT duk shekara, kuma auna hayaƙi yana ciki. A jihar Kalifoniya ta Amurka, yawancin motoci bayan shekara 2-2 ake gwada su. Legas ma tana da cibiyoyin duba mota da kwamfuta. Idan tsohuwar mota ta faɗi, dabarar da ke fara zuwa wa mutane ita ce a goge fitilar nan mai siffar injin da ta kama a gaban direba, ko a cire kan batir na ɗan lokaci. Wannan yaudarar kai ce.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da na fetur a Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, ana kiransa OBD2. Da 'yar na'ura irin ELM327 mai Bluetooth da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, waya za ta karanto lambar matsalar. P0300 na nufin injin yana tsallake wuta, P0171 iska ta fi mai yawa, P0420 kuma matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata.

Manhajar tana da maɓallin gogewa, kuma nan ne tarkon yake. Da an danna shi, kwamfutar motar za ta manta da gwaje-gwajen da take yi wa kanta, sai an yi tafiya mai ɗan yawa kafin ta sake kammala su. A Amurka, inda ake jona kwamfuta a wannan soket, nan take za a gane an goge. Inda kuma ake cusa na'ura a salansa, hayaƙin ne da kansa zai ba da shaida.

Abin da ya fi shi ne a fara da mai araha: fulogi, matatar iska, tiyon da ya tsage, sai sensar da ke auna iskar oksijin a salansa. A lura, P0420 ba kullum take nufin indomi ya mutu ba. Kuma ko ya mutu, sau da yawa fulogi mara kyau ne ya kashe shi, domin ɗanyen man da bai ƙone a injin ba yana ƙonewa a cikinsa har ya narkar da shi. Wanda ya saka sabo bai gyara fulogin ba, zai sake saye. Ranar gwaji kuma a bar injin ya ɗau zafi sosai, don indomi ba ya aiki da sanyi.

Masu ba da shawarar a fasa salansa a sayar da indomi saboda ma'adanai masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam, ba sa faɗin sauran labarin. Shi ne ke rage iskar kabon monoksaid, gubar nan da ke kashe iyalai idan aka kwana da janareta a ɗaki.

Waya ba za ta maye gurbin makaniki ba. Amma wanda ya isa gareji da lambar matsala a hannu, da wuya a sa shi sayen kayan da motarsa ba ta buƙata.