Dillalan filaye a Birnin Kudu da Gwaram: a rubuta la'ada, a daina cin na sama

1/ Duk matashin da ke tara 'yan kuɗinsa don ya mallaki fuloti a Birnin Kudu ko Gwaram, zaren nan naka ne. Ra'ayina a taƙaice: tsadar filayenmu akwai hannun wasu dillalai a ciki, kuma lokaci ya yi da za a sa wa sana'ar ƙa'ida.

2/ Ga yadda ake yi. Mai fili ya ce a sayar masa miliyan 2. Dillali ya ce wa mai saye miliyan 2 da rabi. Ya hana su ganin juna har a biya. Dubu 500 ɗin nan ita ce "na sama". Bayan ita kuma ya karɓi la'ada hagu da dama.

3/ Ɓarnar ba ta tsaya kan mutum biyu ba fa. Gobe maƙwabci ya ji an sayar da na kusa da shi 2 da rabi, shi ma ya kafe a nan. Haka farashin ƙarya ke zama farashin unguwa. Malamin firamare ya shekara goma yana adashi, fili kullum yana ƙara yi masa nisa.

4/ Darajar fili tana da dalilai da kowa zai iya dubawa: kusanci da kwalta, da asibitin FMC na Birnin Kudu, ko kasuwar Sara a Gwaram, da ruwan sha, da wuta. Sai babbar tambaya: ruwa na kwanciya a wurin? Bayan ambaliyar 2022 a Jigawa, kar ka yarda da filin da ka gani da rani kawai. Koma ka gan shi a watan Agusta.

5/ Takarda kuma? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Shi ke ba da izinin mallaka a yankin da aka ayyana birni, ƙaramar hukuma ke ba da na gargajiya a karkara. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta kai C of O ba.

6/ Inda aka fi shan wuya shi ne gonar gado. Magaji ɗaya ya yanka ya sayar, 'yan'uwansa mata ba su sani ba. Ka zuba bulo, sai ga sammaci daga kotun shari'a. Dillalin kuwa ya daɗe da cinye la'adarsa.

7/ Masu ƙiyasta darajar gidaje suna da hukumar da ke yi musu rajista, ESVARBON, tun 1975. Legas ma tana da LASRERA mai sa ido kan dillalan gidaje. Mu a nan, duk mai waya da babur da daɗin baki ya zama dillali.

8/ Abin da nake so ƙungiyoyin dillalai da ƙananan hukumomin biyu su yi, tare da hakimai da dagatai: kowane dillali ya yi rajista ya riƙe katin shaida. A rubuta la'ada kafin ciniki. Mai fili da mai saye su zauna gaba da gaba ranar biya. Gonar gado, kowane magaji ya sa hannu.

9/ Na san za a ce ina so in toshe wa mutane hanyar abinci. A'a wallahi. Dillalin kirki yana shan rana, yana sanin tarihin kowace gona da iyakarta, la'adarsa halaliyarsa ce. Shi ƙa'idar za ta fi amfana, don yanzu laifin marasa amana ya shafa masa baƙin jini. Addini ma ya hana ɓoye aibin kaya a ciniki.

10/ Kafin a kai ga haka, kare kanka. Ka ce sai ka ga mai fili ido da ido. Ka tambayi maƙwabta huɗu. A auna a gabanka. Ka biya ta banki, da shaidu. Dillalin da ya fusata don ka nemi waɗannan, ka bar masa filinsa.

11/ 'Yan Kudu da 'yan Gwaram, nawa ake karɓar la'ada a unguwarku, kuma wa ke biya? Ku faɗa mana a ƙasa, mu kwatanta.