Kasalar Sabon Ɗalibi

A ganina, ɗalibin da ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cike da himma, sa'an nan bayan wata uku ya tarar littafi ya gundure shi, bai cancanci a kira shi malalaci ba, domin galibi illar tana tasowa ne daga ƙarancin barci, da kewar gida, da haddar abin da bai fahimta ba. Malaman tsangaya, Allah ya saka musu, sun san haddin zuciya, shi ya sa suke hutar da almajirai Alhamis da Juma'a. To, ɗalibin ya yi koyi da su, ya rufe littafi yini guda, in kuwa damuwar ta ƙi gushewa, ya ga likita ba kunya.